Amfilifayar Kunne a Gaban Babbar Amfilifaya: Mita Ce Alƙali

Akwai wata tambaya da takan taso a duk inda ɗalibai suka fara sabawa da dalma da waya. Ɗalibi ya haɗa 'yar ƙaramar amfilifaya da hannunsa domin ƙara wa hedifon ƙarfi, wato abin sauraren nan da ake ɗorawa a kunne, ta kuwa yi aiki. Sai ranar taron makaranta ta zo, a buƙaci sa karatu ko waƙa daga wayar hannu a cikin babbar amfilifaya, a tarar muryar ba ta cika zaure ba ko da an murɗe maɓallin ƙara har ƙarshe. Nan da nan sai ɗalibin ya ce, me zai hana a sa tasa a tsakani? Amsar da yakan samu daga manya galibi ita ce wai ba don wannan aiki aka yi ta ba.

Wannan amsa ba ta kimiyya ba ce. Lantarki bai iya karatu ba, balle ya karanta sunan da aka rubuta a jikin akwati. Abin da ya sani shi ne bolt nawa ne, turjiya nawa ce, kwarara nawa ake nema. In aka bi waɗannan lambobi, za a ga cewa amfilifayar kunne mai kyau tana iya yin aikin share fage ga babbar amfilifaya, har ma aikin ya fi wanda aka yi ta dominsa sauƙi. Ya kamata malamai su ƙyale ɗalibai su yi wannan haɗi, su kuma ƙarfafa musu gwiwa. Sharaɗin ɗaya ne, ba ya kuma da sassauci: kada a jona waya sai an ɗauki mita an auna.

Aikin mai share fage

Sauti yakan bi matakai uku kafin ya fito daga lasifika. Na farko shi ne tushe, kamar rediyo ko na'urar faifan CD ko wayar hannu. Na ƙarshe shi ne babbar amfilifaya, wadda ke da ƙarfin girgiza lasifika mai om 4 ko om 8. A tsakaninsu akwai amfilifayar share fage, wadda aikinta shi ne ta karɓi abin da tushe ya bayar, ta ɗaga shi in ya yi ƙasa, ta ba mai saurare maɓallin ragewa da ƙarawa, sa'an nan ta miƙa shi gaba ba tare da ta gurɓata shi ba.

Babbar amfilifaya takan ninka abin da aka ba ta sau 20 zuwa 30, kuma yawancinsu sai an ba su wajen bolt 1 zuwa 1.5 kafin su fitar da cikakken ƙarfinsu. Na'urar CD tana bayar da kimanin bolt 2, saboda haka ita ragewa take bukata. Tsofaffin kayan sauti na gida ma'auninsu na yau da kullum wajen bolt 0.3 ne, kuma da yawa daga cikin wayoyin hannu ba sa kaiwa bolt 1. Ga dalilin da ya sa murya take ƙin cika zaure: tushen ne ya gaza, babbar amfilifaya ba ta da laifi.

To me amfilifayar kunne take yi? Tana karɓar sauti daga tushe, tana da maɓallin ƙara, tana ninka bolt, tana miƙa shi ga hedifon. Mai karatu zai ga cewa ayyukan nan duk iri ɗaya ne da na mai share fage. Bambancin yana wurin nauyin da kowace take ɗauka, kuma nan ne dokar Ohm take shigowa, wadda malamin lissafin nan na Jamus, Georg Simon Ohm, ya wallafa a 1827, wadda kuma kowane ɗalibin fiziks ya haddace: a raba bolt da turjiya, a sami kwarara.

Hedifon na yau da kullum yana da turjiyar om 32. In aka ɗora masa bolt 1, zai ja kimanin miliamfiya 31. Ƙofar shiga ta babbar amfilifaya kuwa turjiyarta takan kama daga om 10,000 zuwa om 47,000, wani lokaci ma fiye. In aka ɗora wa om 10,000 wannan bolt 1 ɗin, abin da za ta ja miliamfiya 0.1 ne kacal. Ke nan nauyin ya ragu fiye da sau 300. Jakin da ya saba ɗaukar buhun gero ba zai durƙushe ba don an ɗora masa takardar wasiƙa. Amma a lura, maganar ba ta juyuwa: mai share fage da aka tsara don om 10,000 ba lalle ta iya da hedifon ba, domin wanda ya saba da wasiƙa ba a gwada shi da buhu.

Kamfanoni ma sun san wannan sarai. Na'urorin kunne na kasuwa irin su Magni ta kamfanin Schiit da Atom ta kamfanin JDS Labs suna zuwa da kafofi a bayansu musamman don a jona su da babbar amfilifaya ko lasifika mai amfilifaya a cikinta. Abin da injiniya ya halatta wa kansa a masana'anta, babu dalilin haramta wa ɗalibi shi a ɗakin gwaje-gwaje.

Abin da ke cikin gwangwanin

Amfilifayar kunne da ta fi shahara a wurin masu haɗa na'ura da hannu ita ce wadda ake kira CMoy, daga sunan Chu Moy, wanda ya wallafa tsarinta a intanet a 1998. Ƙanƙanta ce ƙwarai, har masu sha'awa suka saba cusa ta cikin gwangwanin alewar Altoids. Zuciyarta wani ai-si ne na kamfanin Burr-Brown, daga dangin OPA132 da OPA134, sai batir mai bolt 9, da 'yan rizistoci da kafasitoci da ba su cika tafin hannu ba.

Irin wannan ai-si, in aka bar shi haka nan, ninkinsa ya wuce sau dubu ɗari, abin da babu mai iya amfani da shi. Dabarar da ake horar da shi da ita ta samo asali ne daga Harold Black, injiniya a ɗakunan bincike na Bell a Amurka, wanda ya gano ta a 1927. Ana ɗebo wani kaso na abin da ya fita, a mayar da shi ƙofar shiga ta yadda zai yi adawa da abin da ke shigowa. Da haka ninki yake saukowa zuwa adadin da ake so, gurɓatar sauti ma ta ragu. Rizistoci biyu ne suke yanke wannan adadi: a raba babbar da ƙaramar, a ƙara 1. A tsarin Chu Moy babbar om 10,000 ce, ƙaramar om 1,000, ninki ya zama 11.

Wannan adadi na 11 shi ne abu na farko da ya wajaba a taɓa. Ya dace da hedifon mai taurin kai da tushe mai rauni, amma ya yi yawa ainun a gaban babbar amfilifaya. In aka ninka bolt 2 na CD sau 11, ana neman bolt 22 ke nan daga batir mai bolt 9, wanda iyakacin sauti mai tsabta da zai iya bayarwa kimanin bolt 2 ne. Abin da ya haura wannan iyaka datse shi ake yi, sai murya ta fito a karce kamar ta gwangwani, kuma irin wannan datsattsen sauti yana cikin abubuwan da ke ƙona ƙananan lasifiku masu fitar da siririyar murya. Wani zai ce ai sai a rage maɓalli. Haka ne, amma sai a wayi gari duk amfanin maɓallin ya taru a ɗan farkon murɗinsa, inda taɓi kaɗan yake kai murya daga raɗa zuwa tsawa, inda kuma maɓallai masu araha sukan sa ɓangaren hagu ya fi na dama ƙara ko akasin haka.

Akwai kuma shuu ɗin nan da ake ji in an yi tsit. Kowane ai-si yana da tasa 'yar hayaniya ta ciki. A tsarin CMoy maɓallin ƙara yana gaban ai-si ne, saboda haka rage shi ba ya rage wannan hayaniya ko kaɗan. Ninki 11 ɗin nan yana kanta a kowane lokaci. In babbar amfilifaya ta sake ninkawa sau 25, an ninka ta sau 275 ke nan. Maganin bai fi aikin minti biyar ba: a cire rizista mai om 10,000 a kowane ɓangare, a sa mai om 2,200. Ninki zai dawo 3.2, wanda ya isa ya ɗaga rabin bolt na wayar hannu zuwa fiye da bolt ɗaya da rabi. Hayaniya ta ragu, maɓalli kuma ya sami filin aiki.

Lantarkin da kunne ba ya ji

Haɗari na biyu ya fi na farko muni, domin ba a jin sa sai ya gama ɓarna. Sauti lantarki ne mai kai da komo, shi ya sa takardar lasifika take shiga tana fita. Amma a mafitar amfilifaya akan sami wani ɗan lantarki tsayayye, wanda yake nan ko da babu sautin komai. A na'ura mai kyau bai wuce 'yan milibolt ba. A na'urar da aka haɗa a gida yana iya yin yawa, kuma sau da yawa musabbabin shi ne musanya ai-si.

Alal misali, ɗalibi ya nemi OPA134 bai samu ba, sai mai shago ya ba shi NE5532, ai-sin da kamfanin Signetics ya fitar a ƙarshen shekarun 1970, wanda har yau yake cike da na'urorin sauti saboda ingancinsa. Ai-si ne nagari, ba shakka. Sai dai ƙofar shigarsa tana tafiya da wata 'yar kwarara ta kimanin kashi 200 cikin biliyan ɗaya na amfiya. Adadi ne da za a raina. To amma a tsarin CMoy wannan kwarara tana bi ta rizista mai om 100,000, kuma dokar Ohm ta ce hakan zai haifar da milibolt 20. A ninka sau 11, ya zama milibolt 220. In babbar amfilifayar irin wadda ba ta da kafasita a ƙofarta ce, za ta ninka wannan ma sau 25 kamar yadda take ninka sauti, ya zama bolt 5.5 tsaye a kan lasifika. A lasifika mai om 8, wannan kusan wat 4 ne na zafi zalla, yana dafa siririyar wayar da ke naɗe a cikinta, ya kuma ture takardarta gefe guda ya riƙe, alhali zaure tsit yake. Amfilifayoyi da yawa suna da kafasitar da ke tare wannan, wasu kuma suna da abin da ke katse lasifika in ya ji shi. Amma wanda bai buɗe ya duba ba bai san irin wadda ke gabansa ba, kuma lasifikar makaranta ba abin caca ba ce.

A nan ne mita take zama alƙali. A kunna 'yar amfilifayar ba tare da sauti ba, a juya mita zuwa ma'aunin milibolt na tsayayyen lantarki, a ɗora tsinkenta ɗaya a mafita ɗaya kuma a wayar ƙasa, a yi wa hagu a yi wa dama. In abin da ta nuna bai kai milibolt 10 ba, na'urar lafiyayya ce. In ya kai ɗaruruwa, akwai gyara. Ko da ta nuna kaɗan, hikima ita ce a sa kafasita a kan hanyar fita, domin kafasita tana barin mai kai da komo ya wuce, tana tare tsayayye.

Girman kafasitar ma darasi ne mai daɗi. Kafasita da turjiyar da ke bayanta suna yanke sautin da ya yi ƙasa da wani mataki, kuma ana samun matakin ne in aka raba 1 da sakamakon ninka 6.28 da turjiya da girman kafasita. Mai maikirofarad 10 a gaban om 10,000 tana yankewa ne a wajen kaɗawa 1.6 a daƙiƙa, can ƙasa da kaɗawa 20 inda jin ɗan Adam yake farawa. Ba a rasa komai ba. Amma wannan kafasita ɗin a gaban hedifon mai om 32 za ta yanke a wajen kaɗawa 500, ta kwashe amon ganga da kaurin muryar namiji gaba ɗaya. Saboda haka kada a sa ta a kafar hedifon. A huda wa gwangwanin kafa ta biyu, a ja mata waya daga mafitar ai-si, a jera mata rizista mai om 100 da kafasitar, sa'an nan a sa wata mai om 100,000 daga bayan kafasita zuwa ƙasa don kada caji ya taru a kanta. Ita rizista mai om 100 amfaninta shi ne ta raba ai-si da doguwar waya, domin doguwar waya kanta 'yar kafasita ce, kuma wasu ai-si sukan rikice su shiga kaɗawa da kansu in aka rataya musu ita kai tsaye. Abin da take ci daga sauti a gaban om 10,000 kashi ɗaya ne cikin ɗari.

Abu na uku ya shafi batir, kuma ya fi kusa da masu karatun da suka saba tayar da kayan sauti da batirin mota ko na hasken rana in an ɗauke wuta. Ai-si irin wannan yana son wuta ta fuska biyu, ta tarawa (+) da ta ɗebewa (−), da kuma tsakiya wadda ita ce ƙasa. Batir ɗaya ba shi da tsakiya, shi ya sa Chu Moy ya jera rizistoci biyu masu om 4,700 tsakanin ƙafafun batir, ya ɗauki mahaɗarsu a matsayin ƙasa. Ƙasar aro ce, tana zaune a bolt 4.5 sama da ƙafar ɗebewa. Muddin 'yar amfilifayar tana kan nata batir, wanda bai taɓa komai ba, ana iya haɗa wannan ƙasar aro da ƙasar babbar amfilifaya ta wayar sauti babu matsala. Amma ranar da wani ya ce batir mai bolt 9 yana saurin ƙarewa, bari a ja mata wuta daga batirin motar da babbar take ci, to an shiga uku. A irin waɗannan amfilifayoyi ƙafar ɗebewa ta batir ita ce ƙasa. Da an jona wayar sauti, ƙasar aro ta haɗu da ƙafar ɗebewa ke nan, rizistar ƙasa ta zama kamar babu ita, ai-si ya rasa rabin wutarsa. Sakamakon shi ne murya a karce ko babu murya sam, wani lokaci da tsayayyen lantarki a mafita. Ƙaramar ta zauna a kan nata batir. Wannan yana da wata fa'ida kuma: batir ba ya kawo gurnanin nan na kaɗawa 50 a daƙiƙa da wutar gari take shigarwa cikin kayan sauti, ba ya kuma jan ɗalibin da yatsansa ya kauce.

Wajen kunnawa, tushe ne farko, sai ƙaramar, babbar ta zo ƙarshe. Wajen kashewa a fara da babbar. Na'urar gida ba ta da abin da ke toshe ɗif ɗin nan da ake ji lokacin da wuta ta shiga ko ta fita.

Inda ba ta isa ba

Kama da wane ba wane ba ce. Kalmar share fage ta ƙunshi na'urori fiye da ɗaya, kuma amfilifayar kunne tana maye gurbin guda ne kawai, wato mai karɓar sautin da ya riga ya kai ɗaruruwan milibolt. Makirufo na hannu 'yan milibolt yake bayarwa, yana bukatar ninki na ɗaruruwa da ƙofar shiga ta musamman. Allurar garmaho ma haka, wajen milibolt 5, kuma ita tana da ƙarin sharaɗi: tun 1954 aka daidaita a kan ma'aunin RIAA, inda ake rage kaurin sauti a ƙara siririnsa lokacin yanka faifai, sai na'urar saurare ta juya abin. Wanda ya jona garmaho da amfilifayar kunne zai ji murya ƙasa-ƙasa, siririya, babu ganga. Haka nan ba ta da maɓallin zaɓen tushe, ko da yake wannan makunni ɗaya ne ake ƙarawa.

Akwai kuma wadda ake haɗawa da LM386, ai-sin da ake yawan gani a littattafan koyon haɗa na'ura. Yana da kyau wajen tayar da 'yar lasifikar rediyo, amma mafi ƙarancin ninkinsa 20 ne, hayaniyarsa kuma tana da yawa. A gaban babbar amfilifaya mai ninki 25, jimla ta zama 500, shuu ɗinsa kuwa har bayan zaure za a ji shi. Gara a bar shi a inda ya fi amfani. Abin mamaki shi ne TL072, wanda ake samu a kusan kowane shagon kayan gyaran rediyo da araha: rago ne a gaban hedifon mai om 32, domin an tsara shi ne don nauyin om 2,000 zuwa sama, amma a gaban om 10,000 ba shi da abin zargi, kuma ƙofarsa ba ta jan kwararar da ke haifar da matsalar da aka gani a NE5532. Ɗalibin da share fage kawai yake nufi, shi ya fi dacewa ya saya.

Malamin fiziks ko mai kula da ƙungiyar JETS a makaranta zai yi wuya ya sami wani aiki guda da ya tara dokar Ohm, da rabon bolt tsakanin rizistoci, da halin kafasita, da lissafin wat, a cikin abin da bai fi gwangwanin alewa ba, kuma sakamakonsa kunne ne yake shaida shi. Ana iya raba aji gida uku. Rukunin farko su lissafa ninki daga launukan rizistoci kafin a kunna komai. Na biyu su auna tsayayyen lantarki da TL072 a ciki, su cire shi su sa NE5532, su sake aunawa, su bayyana dalilin bambancin; ƙafafun ai-sin biyu jeri ɗaya ne, don haka in an sa mazauni maimakon a liƙe shi da dalma, musanyar ba ta wuce daƙiƙoƙi ba. Na uku su lissafa kafasitar da ta dace da turjiyar da aka rubuta a takardar babbar amfilifayar makarantar. Sai lambobin rukunan uku sun hau allo, malami ya duba ya gamsu, sa'an nan a jona waya, a fara da tsohuwar lasifikar da ba a jin asararta, maɓallin ƙara kuma yana can ƙasa.